Ƙugiya huɗu: kundin aikin zubin haruffa a Damagaram

Alhamis, 10 ga Afrilu 2025

Yau bayan la'asar muka zauna mu huɗu a shagona da ke Sabon Gari, muka ƙulla niyyar fara aikin da muka daɗe muna zancensa a bakin shayi ba tare da an taɓuka komai ba, wato mu ƙera zubin haruffa na kwamfuta daga rubutun da masu fenti na garin nan suke yi a allunan shaguna da jikin motoci. Abin da nake kira zubin haruffa shi ne abin da muke ce wa polis a bakin aiki, kalmar Faransanci da takan sa baƙon sana'a ya waiga yana neman ƴan sanda. An ɗora mini rubuta abin da ya gudana duk lokacin da aikin ya motsa, saboda ni ne na fi sauran zama wuri ɗaya.

Abin da ya zaburar da mu abin kunya ne da ya same ni. A ƙarshen watan Maris gwamnati ta fitar da kundin da ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ba a yi kwana goma ba wani mutum ya kawo mini aikin kyallen taro mai faɗin mita uku, da kalmomin "harshen ƙasa" a tsakiya. Na zaɓi haruffa masu kauri irin waɗanda yake so, na aika wa mai injin bugawa ba tare da na mayar da rubutun ya zama zane ba, kuskuren da ko ɗan koyo bai kamata ya yi ba. Da aka buɗe aikin a can, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbin ƙ, yaron da ke kan injin ya share shi ya sa k. Haka aka rataya "harshen kasa" a gaban jama'a, har wani dattijo ya tambayi mai taron ko a kan macijiya za a yi lacca. Na biya sabon kyalle daga aljihuna.

Haruffa huɗu ne suke ja mana wannan: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowanne da babban baƙinsa, sun zama takwas. Dukansu suna da gurbi a tsarin Unicode, wanda kwamfutoci da wayoyi ke bi wajen gane haruffa, amma samun gurbi daban, a zana harafin a cikin zubi daban. Mafi yawan zubin da ke kwamfutocinmu an yi su ne domin harsunan Turai. Akwai masu kyau da ke ɗauke da ƙugiyoyin, irin Charis da Andika na SIL da kuma Noto na Google, kuma kyauta ake samun su, sai dai an yi su domin shafin littafi da fuskar waya, ba su da kamannin rubutun da idon mutumin Damagaram ya saba gani a bakin titi.

Mu huɗun ba wanda ya yi makarantar zane. Ni na fara ne da buga wa ɗalibai rahoton ƙarshen karatu a wani shagon intanet, daga nan aka fara kawo katin biki da na suna, na koyi manhajar zane ta CorelDRAW ta hanyar leƙen kafaɗar wani, kuma da aikin kyallaye na bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, da aka yi a nan a 2018 na sayi kwamfutar kaina. Na biyu mai buga riguna ne, wanda ya koyi serigrafi, wato buga zane a kan tufafi ta hanyar tura fenti ta cikin raga, a Kano ya dawo yana yi wa ƙungiyoyin ƙwallo da ƴan fada, wato majalisun samarin unguwa, aiki. Na uku malamin firamare ne da ke zana hotunan littattafan yara a lokacin hutu. Ta huɗu ƙanwarmu ce, ɗaliba a Jami'ar André Salifou, wadda ba ta da kwamfuta ko kaɗan. Da waya take yi wa mata masu sayar da turare da alkaki tallace-tallacen da suke ɗorawa a WhatsApp.

Asabar, 26 ga Afrilu 2025

Makonni biyu muka yi muna ɗaukar hotunan alluna da sassafe, kafin rana ta yi zafi kuma kafin a jingine kaya a jikinsu. Mun bi kewayen kasuwar Dole da Zango da tasha, muka ƙare da Birni. A ko'ina sai da muka nemi izinin mai shago, kuma a wurare da dama sai da muka yi dogon bayani cewa mu ba ma'aikatan haraji ba ne.

Abin da na fara lura da shi ya ɗan sanyaya mini gwiwa: allunan hannu sun fi yadda nake zato raguwa. A manyan tituna kusan duk an koma leda da aka buga da inji, wadda rana ke cinye launinta cikin shekara ɗaya ko biyu har ja ya koma ruwan hoda, alhali ga wani allon ƙarfe na mai gyaran rediyo a Zango wanda mai shagon ya ce tun mahaifinsa na da rai aka rubuta shi, kuma har yau ana karanta shi daga tsallaken titi. Ba ni da bakin zargin kowa a kan wannan, tunda da irin ledar nan nake ciyar da iyalina.

Na biyu shi ne yadda masu fenti suka bi da ƙugiya. Mafi yawan allunan da Faransanci aka rubuta su, Hausa kuwa takan fito ne a sunan shago ko a wata ƴar magana a ƙasa, ta godiya ko ta haƙuri ko ta gargaɗin masu neman bashi. A nan muka ga hanyoyi uku. Wasu sun bi rubutun Faransanci gaba ɗaya, suna rubuta u da ou, c kuma da tch, ba ruwansu da ƙugiya. Wasu sun ɗora waƙafi a saman harafin. Kaɗan ne suka zana ƙugiya sosai, kuma da muka jera hotunansu a kan tebur sai mai serigrafi ya ce hannu ɗaya ne ya yi fiye da rabinsu, domin wutsiyar R iri ɗaya ce, kuma duk S ɗin sun ɗan rinjaya gaba. Tambaya ta kai mu gidan mai hannun, wani dattijo da ya rage aiki saboda idanu. A kundin nan Baba zan riƙa kiransa, kamar yadda muke kiransa a gabansa.

Lahadi, 11 ga Mayu 2025

Wuni guda muka yi a zauren Baba, kuma a ganina wannan ne ainihin ranar da aikin ya fara. Mun je da takardu masu kauri da baƙin fenti da goro. Da na gama bayani ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, wato so kuke ku zuba hannuna a cikin na'urar da ta raba ni da abincina." Ban sami amsa ba sai ƙanwarmu ta ce, "Baba, ko kun yarda ko ba ku yarda ba na'urar tana rubutu, gara ta yi da naku hannun." Ya yi dariya, ya aika jikansa ya ɗauko buroshi.

Ya ba mu labarin yadda ya shiga sana'ar. Shekarunsa na farko a wurin ubangidansa, mai rubuta jikin manyan motocin da ke bin hanyar Matamai zuwa Daura da Kano, ba a bar shi ya taɓa harafi ba. Aikinsa wanke buroshi da kananzir, da dama fenti, da buga layi da zare mai alli. Bayan haka aka ba shi cika cikin haruffan da ubangida ya zana gefensu, sai kuma inuwa, kuma sai da ya iya O aka bar shi ya rubuta sunan mutum. Ya ce wanda ya iya O da S ya iya sauran. Na daɗe ina tunanin wannan tsari a hanyar komawa gida, domin mu da muka shigo ta kwamfuta a ranar farko muka fara da aikin da za a biya, kuma har yau ba wanda ya taɓa tsayawa a kaina ya ce goge ka sake.

Sannan muka zo kan ƙugiya, inda na gane kuskuren da na shekara ina yi. Duk lokacin da zubi ya rasa ƙ, abin da nake yi shi ne in rubuta k, in yanko lanƙwasar f ko ta j, in manna mata a ka. Baba bai yi haka ba. Da zai rubuta ƙ, daga ƙugiyar ya fara, ya juya buroshin a hankali ya gangaro da sandar a jan hannu ɗaya, ta yadda ba za ka iya nuna inda ƙugiya ta ƙare sanda ta fara ba. Ya kuma rage tsawon sandar kaɗan domin kada ƙugiyar ta ɗara sauran haruffa tsayi, ya sirantar da fentin a daidai lanƙwasar domin kada wurin ya cushe ya zama dunƙule idan an hango daga nesa. Da na nuna masa irin tawa a waya, ya ce wannan k ce da aka aro wa hula.

A babban baƙi ya sha bamban. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ a hagu take, tana fitowa daga saman sandar ta sauko kamar kunnen tulu, ta Ƙ kuwa a hannun dama na sama take. A kan Ƴ muka yi gardama, saboda an san shi da siga biyu, mai ƙugiya a hagu da mai ƙugiya a dama. Malamin firamare ya kawo littafin aji, muka ga ta dama ce a ciki, ita muka ɗauka. Shi ne kuma ya tuna mana cewa wannan harafi yana cikin abin da ya bambanta rubutunmu da na Najeriya, inda suke rubuta 'y, kuma dokar daidaita rubutun Hausa da Nijar ta fitar a 1999 ƴ ta tabbatar. Tun taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutun harsunan yankin nan, ga shi har yau kalmar ƴaƴa tana da fuska biyu tsakanin Damagaram da Kano.

Kafin magariba Baba ya rubuta mana manyan baƙaƙe duka da ƙanana da lambobi, wasu sau uku.

Talata, 20 ga Mayu 2025

Ba a yi abin kirki ba. Zafi ya kai inda kwamfutar ke kashe kanta da azahar, wuta kuma ba ta zama. Na samu na ɗauki hoton takardun Baba da na'urar sikana a ɗigo 600 cikin kowane inci, da dare biyu, na adana su a wuri uku. Takardun na asali suna cikin akwatin ƙarfe a gidan malamin firamare saboda gara.

Asabar, 14 ga Yuni 2025

Hidimar Sallar layya ta cinye makonni uku, kuma ba na kuka da hakan, domin a irin wannan lokaci ne ake samun na cefane: katunan barka da Sallah, tallan teloli, rigunan ƴan fada masu suna a baya. Sai wannan mako na koma kan haruffa.

Da Inkscape nake bin gefen kowane harafi, sannan in kai shi FontForge, dukansu manhajoji ne na kyauta. Na gwada barin kwamfuta ta bi gefen da kanta, sai ta kwaso duk wata rawar hannu da tsagar gashin buroshi, harafi ɗaya ya tashi da ɗigo fiye da ɗari. Da hannu nake yi yanzu, ina sa ɗigo a ƙarshen kowace lanƙwasa kawai, sama da ƙasa da dama da hagu. A ma'aunin da ake raba tsayin gurbin harafi kashi 1000, na ba manyan baƙaƙe 700, ƙananan da ba su da sanda kuma 520, wanda ya ɗan yi yawa idan littafi za a buga amma ya dace da allo, tunda mai karanta shi yana bisa kabu-kabu ne. Abin da Baba ya faɗa game da O ya tabbata da awo: tasa ta ɗan zarce layi sama da ƙasa, domin idan aka tsayar da ita daidai da H sai ido ya ga kamar ta fi ƙanƙanta. Shi bai taɓa auna wannan ba, ni kuma ban taɓa lura da shi ba sai yanzu.

Wahalar da ban zata ba ita ce ɗ idan i ta biyo ta. Ƙugiyar ɓ da ta ƙ suna lanƙwasawa ne a bisa jikin harafinsu, ba sa shiga gonar kowa. Ta ɗ kuwa sandarta a dama take, saboda haka ƙugiyar takan leƙa waje ta faɗa kan ɗigon i, su haɗe su zama abu ɗaya. Ga shi kuwa kalmomin da allon shago ba ya rabuwa da su ke nan: kuɗi, ɗinki, daɗi. Idan na buɗa tazara sai kalmar ta rabe biyu, idan na gajarta ƙugiyar sai ɗ ta koma d daga nesa, kuma a garin da kowace unguwa take da fada, ba ƙaramin abu ba ne allo ya kasa bambanta fada da faɗa. Na koma wurin Baba na roƙe shi ya rubuta "ɗinki". Sai na ga ya ɗan sauke ɗigon i ƙasa ya matsar da shi dama, ƙugiyar ta yi masa rumfa. Zubin kwamfuta yana iya yin haka, ta hanyar zana ɗ da i a haɗe a matsayin siga ta musamman da za ta fito da kanta duk inda suka haɗu. Na yi, ya yi aiki a Inkscape. Saura in ga ko tsohon CorelDRAW da ke shagunan bugawa zai yarda da shi.

A zaman yau maganar kuɗi ta taso, ta kuma fi ta haruffa zafi. Mai serigrafi ya ce ba ya ganin amfanin ɓata dare a kan abin da ba wanda zai saya, a garin da mai kawo aiki yake biyan mitar leda amma ya ɗauki zanen a matsayin gyara, kamar wanda ake yi wa mai sayen gyaɗa. Gaskiya ya faɗa. Ni kaina sau da yawa nakan cusa ladan zane a cikin kuɗin bugawa, domin idan na ware shi daban sai a ce ai danna maɓalli kawai na yi. Mun rabu a kan cewa daga yanzu mu huɗun za mu riƙa rubuta shi a layinsa a takardar farashi, ko jika ɗaya ce, mu ga abin da zai biyo baya.

Alhamis, 17 ga Yuli 2025

Da yake yau ba karatu a makarantar allo, mun ziyarci wani malami a Birni da ya shahara da zayyanar allon sauka, domin ƙanwarmu ta kawo shawarar a haɗa da ajami a cikin zubin. Malam ya karɓe mu da kyau, ya feƙe alƙalami a gabanmu, ya nuna mana yadda kaurin rubutu yake fitowa daga yadda aka yanke bakin karan. Rubutunsa irin na yankin nan ne mai bin ƙira'ar Warshu, inda ɗigon fa yake ƙasa, ƙaf kuma take da ɗigo ɗaya a sama, wasula da jar tawada. Na ce, "Allah gafarta Malam, shekara nawa mutum zai yi kafin hannunsa ya zauna haka?" Ya ce shi dai har yanzu yana gyara nasa.

Mun fito da shawarar barin ajami a wannan karo, kuma ina ganin daidai muka yi. A ajami harafi yana sauya siga gwargwadon inda ya faɗo, farko ko tsakiya ko ƙarshe ko shi kaɗai, ga wasula da dole su zauna daidai a kan kowanne, aikin da ya ninka namu sau da yawa. Ban da haka akwai zubin Alkalami na SIL, wanda aka gina a kan salon rubutun Kano, da Harmattan, duka kyauta. Abin da muka ɗauko daga wurin Malam shi ne tsarin zayyanarsa, yadda yake raba fili da murabba'i da da'ira kafin ya sa launi, wanda malamin firamare ya zauna ya kwafa da izininsa.

Laraba, 27 ga Agusta 2025

Mun so mu fitar da zubin jiya, ranar Hausa ta duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, amma bai samu ba, kuma laifina ne. Na ɗauka da an gama haruffan Hausa an gama, na manta cewa allon Damagaram harshe biyu yake ɗauka, saboda haka dole a zana é da è da ê da à da ç da sauransu, manya da ƙanana, in ba haka ba mai shagon magani ko mai ɗinki zai sake faɗawa ramin da na faɗa a Afrilu, ta ɗaya gefen. Lambobi ma sai da na sake su. Na Baba suna da kyau amma 1 da 7 sun yi kama, kuma a allon farashi, inda ake rubuta 500 F a karanta dala ɗari, rikicin da ke akwai ya isa.

Ruwan bana ya sa muka koma Birni da gaggawa. Tun da tsohon masallacin unguwar, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a damina ta Satumban 2024, duk wanda ke da ido ya san zanen da ke fuskar gidajen nan ba zai jira mu ba. An sa Birni da fadar Sarki a jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su tun 2006, amma takarda ba ta tare ruwa, kuma mai gidan da bangonsa ya zube da siminti yake mayar da shi idan ya samu hali. Mun ɗauki hoton dagi da sauran zanen ƙofar gidaje da dama, muka zaɓi takwas da za su shiga zubin a matsayin alamun ado. Na ƙi yarda a sa su a cikin jikin haruffa kamar yadda mai serigrafi ya so; magina a kewayen ƙofa suke sa ado, su bar ƙofar a buɗe domin a wuce.

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

An yi gwajin farko a waje. Wani tela maƙwabcina ya yarda a yi masa sabon allo da zubin, da sharaɗin idan bai yi kyau ba in mayar masa da tsohon. Na mayar da rubutun zane kafin in kai, na kuma tsaya a kan injin har aka gama. Da aka kafa, muka tsallaka titi muka duba, sannan muka hau kabu-kabu muka wuce ta gabansa sau biyu. Kalmar ɗinki ta fito sarai. A manyan baƙaƙe ne aibi ya bayyana: a "KUƊI HANNU" ƙugiyar Ɗ ta tura U gefe, har ana ganin kamar KU daban, ƊI daban. Wannan gyaran tazara ne tsakanin harafi da harafi, kuma sai na bi duk wasulan da ke iya gabatar Ɓ da Ɗ ɗaya bayan ɗaya.

Mun kawo Baba a adaidaita ya gani. Ya daɗe yana kallo, ya ce hannunsa ne amma an yi masa guga. Da na nemi ƙarin bayani, ya nuna harafin a guda biyu da ke cikin kalma ɗaya ya ce shi bai taɓa rubuta tagwaye ba. Ana iya zana siga biyu ko uku na harafi ɗaya su riƙa musanya, amma ban tabbata ina so ba, domin kwaikwayon kuskuren hannu da na'ura yana kama da ƙarya a idona. Mun bar maganar a buɗe.

Ƙanwarmu ce ta kawo matsalar da ta fi wannan girma. Ta ce yawancin masu zane na tsararta da waya suke aiki, da PixelLab ko Canva, kuma su ne suke fitar da mafi yawan rubutun Hausa da ake gani a kullum, ba mu masu shago ba. Ta sa zubin a PixelLab ya hau, amma sigar ɗ da i ta haɗe ba ta fito a wayarta ba, saboda haka dole ɗ ta asali ta iya tsayawa da kanta ko babu wannan dabara. Ta ƙara da cewa da yawansu ba su san ana iya ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard a sami ƙugiyoyin ba. A kwamfuta ma haka ne, tunda allon AZERTY da muka gada ba shi da su, sai an sa wata manhaja irin Keyman. Ita za ta shirya ɗan bidiyo na minti biyu da Hausa a kan wannan.

Lahadi, 9 ga Nuwamba 2025

An gama gyaran tazarar manyan baƙaƙe, an kuma rage ƙugiyar ɗ da kashi 15 cikin ma'aunin 1000, ta daina taɓa ɗigon i ko a waya. Tsohon CorelDRAW ya karɓi zubin a shaguna biyu daga cikin uku da muka gwada. A na ukun haruffan Faransanci masu alama sun fito a karkace, ban gano dalili ba tukuna.

Mun amince za a sake shi kyauta a ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya ba kowa damar amfani da shi da gyara shi, ya kuma hana a sayar da shi shi kaɗai. Kafin haka sai da muka je muka karanta wa Baba ma'anar wannan da Hausa a gaban babban ɗansa, domin hannunsa ne, kuma ba ma so wata rana a ce an yi masa wayo. Ya yarda, da sharaɗi ɗaya wanda ba mu zata ba: a turo masa yara biyu su riƙa zuwa ranar Alhamis da Lahadi suna koyon buroshi. Mai serigrafi ya ba da yaron shagonsa, ni kuma na sa kaina a na biyu, ko da yake Baba ya ce na tsufa da wanke buroshi. Daga kuɗin zanen da muka fara warewa tun Yuni, wanda wasu masu kawo aiki suka biya ba musu wasu kuma suka tafi wani shago, muka haɗa masa abin da ya samu.

Suna ne har yanzu ba a daidaita a kai ba. Baba ya hana a sa nasa, malamin firamare yana son sunan unguwa, ƙanwarmu kuma ta ce duk sunan da za a sa dole ya ƙunshi harafi mai ƙugiya, ni kuwa ina tsoron kada sunan fayil ɗin kansa ya fito da ɗan akwati a kwamfutar wani. Abin da ya rage a wannan wata shi ne gano matsalar shago na uku, da zana alamar tambaya da baka biyu da Baba bai rubuta ba, da kuma gwada zubin a kan riga, domin mai serigrafi yana shakkar ko siririn wuyan ƙ zai tsira a kan raga idan harafin bai kai santimita ɗaya ba. Ranar Alhamis zan je zauren Baba da kananzir da tsumma.